Karfasa na ce a zana mini, aka kawo mini Mami Wata

Tun da muka ɗaga sabon allo a bakin rumfarmu ta gasasshen kifi a unguwar Aboabo da ke Kumasi ta ƙasar Gana, ba a kwana uku wani bai tsaya ya tambaye ni wanda ya zana shi ba. Wasu aikin ne ya burge su, wasu kuwa labarin suka tsinta a gidan suna, so suke su ji daga bakina. Na gaji da maimaitawa ina juya kifi a kan gawayi, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunan mutumin da na shagonsa ba zan faɗa ba, domin akwai ƙorafi a maganata, ni kuwa ban fito in kashe wa kowa kasuwa ba. Yaransa Masta suke ce masa, ni ma haka zan kira shi. Hannunsa dai ban ga na biyunsa a Kumasi ba. Kunnensa ne sai a hankali.

Da ma tsohon allonmu irin ledar nan ce da ake bugawa da inji. Shekara ɗaya rana ta lashe launinta, kifin ya koma kamar tsohon takalmin roba. Abin haushin kuma, hoton kifin da ke jiki shi ne dai a rumfar mai banku, tuwon nan mai tsami, ta Asawase, shi ne a wata ta hanyar Tafo, duk daga intanet aka kwaso. Sai ƙanen mijina ya ce in nemi mai zanen hannu, ya kwatanta mini wani lungu kafin a kai Alabar.

Kafin ka ga shagon, warin fenti da kananzir ne zai fara yi maka maraba. A waje an jingine allunan masu aski, kawuna a jere kowa da irin askinsa, da hotunan mamata manya-manya waɗanda Asantawa ke kai wa wurin jana'izarsu ta ranar Asabar. A ciki yara huɗu, biyu suna goge katako da sanfefa, ɗaya yana dama fenti a gwangwanin madara, ƙaramin cikinsu yana wanke burushi yana gyangyaɗi. Can sama an rataye wasu tsofaffin zane-zane a jikin buhun fulawa. Masta ya ce da su ya fara cin abinci tun yana yaron wani, lokacin da masu yawo da bidiyo da janareta ke zaga ƙauyuka a shekarun 1980 da 1990, suna buƙatar hoton da zai jawo mutane su biya kuɗin kallo. Ya ce sau da yawa ba su ma ga fim ɗin ba suke zanawa, a ƙara jini, a ƙara maciji. Da na san abin da ke tafe, da tun daga wannan maganar na ɗaure zanina na fita.

Bangon baya kuwa mata ne zalla, kowacce da wutsiyar kifi. Na gan su, na kawar da kai, na ce ba abin da ya kawo ni ba ke nan.

Na yi masa bayani dalla-dalla. Karfasa babba, gasasshiya, a kan faranti, ga banku biyu a gefe, ga jan barkono da shito, baƙin yajin nan namu, a sama a rubuta gasasshen kifi da banku. Yana ta gyaɗa kai, idonsa na kan katako. Ya ce, "Hajiya, kifi kawai? Ai kowa yana da kifi."

Na ce, "To nima shi nake da shi, shi nake sayarwa."

Ya ce, "Ka bar mini komai. Za ka ga aiki."

Mutanen Kano da ke karanta wannan kada su yi dariya, haka Hausarmu ta Zango take, mace da namiji duk "ka" ne, duk "ya zo" ne. Ni ce dai nake matse bakina in na zo rubutu. Masta ba Bahaushe ba ne, amma a Zango ya tashi, Hausar tana bakinsa kamar Tuwi, yaren Asantawa.

Ya fara da sidi 2,500, muka sauka a 1,800, katako da fenti duk nasa. Na tura masa 1,000 ta waya kafin alƙalami. Ya ce kwana 10. Sai da aka yi 24. Yau an yi rasuwa a garinsu, gobe ruwan sama ya hana fenti bushewa, jibi an ɗauke wuta, kamar da lantarki burushi ke tafiya. Wannan ban riƙe shi da zafi ba, duk mai hulɗa da tela da kafinta ya saba. Amma mai gaggawa ya ninka kwanakin da za a faɗa masa sau biyu, ya ƙara kaɗan.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ta tsaya a ƙofarmu, yara biyu suka sauke allon a naɗe cikin takardar siminti. Mma, mahaifiyata, tana kan benci tana yanka albasa, maƙwabciyarmu mai koko ta leƙo, masu jiran kifi su uku suna tsaye. Aka yaga takarda.

Mace ce a kishingiɗe a kan dutse, gashi baƙi wuluk ya zubo har ƙugu, hannu ɗaya da madubi, ɗaya da mataji na zinariya. Daga cibiya zuwa ƙasa ɓawon kifi ne kore da shuɗi, kowane ɓawo an bi shi ɗaya bayan ɗaya da ɗigon fari a gefe, har sai ka ga kamar yanzu aka tsamo ta daga ruwa. Wani maciji ya zagayo wuyanta ya ɗora kai a kafaɗarta. Daga cibiya zuwa sama kuwa, in ban da gashin nan da sarƙa ɗaya, babu komai. Karfasata tana nan, ba a manta da ita ba, 'yar mitsitsiya a faranti can kusa da wutsiya, kamar sadaka aka ajiye wa matar. A sama an rubuta GASASHEN KIFEE.

Mma ta saki wuƙa ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta cire mayafinta ta yafa wa allon, ita ta tsaya da ɗankwali. Ta juyo gare ni ta ce, "Ke kika aika a kawo mana wannan?" Mai koko ba ta ce uffan ba, ta koma rumfarta, na san kuwa kafin magariba labari ya kai Sawaba.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce mene ne abin tashin hankali a hoto. To bari in faɗa masa. A Kumasi, in aka ce mace tana da Mami Wata, ko Maame Wata kamar yadda Asantawa ke faɗa, ana nufin kuɗinta ba na gumi ba ne. An ce tana ba ka dukiya, ita kuma ta karɓi abin da take so, ko haihuwarka, ko aurenka, ko wani naka. Ni kuwa bara na sayi firiza ta biyu, shekarar da ta wuce ta na sauke farali. Shekara 17 ina shan hayaƙi kafin in kai nan, amma da allon nan ya kwana ɗaya a sama, shi ke nan, an samo inda kuɗin Hajiya ke fitowa. Mai zanen da ya tashi a Zango ya san wannan sarai. Shi ne babban laifinsa a wurina, ya fi rashin suturar, ya fi jinkirin.

Amma tsakani da Allah, da daddare da na shiga ɗakin ajiya ɗauko gawayi, na ɗaga mayafin Mma na haska da waya. Ban taɓa ganin zane mai kyau irinsa ba. Idon matar kamar zai bi ka. Na yi a'uziyya na mayar da mayafi.

Washegari bayan an sauko Juma'a, Yayana ya kira limamin masallacinmu ya gani. Malam ya duba sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Ya ce aljanu gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambace su, amma shi a karatunsa bai ci karo da mace mai wutsiyar kifi ba, kuma ko babu komai hoton mace tsirara ba ya hawa ƙofar Musulma. Ya ce a mayar, kada a yi faɗa.

Ranar Asabar na ɗauki 'yata ta fari, wadda ke karatu a Tek, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, muka bi aboboya da allon. Na shiga da zafina. Masta ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Hajiya, ai kifi ka ce. Wannan rabi kifi ne." Da ya ga ban yi dariya ba sai ya ce, da gaskensa, "To in sa masa mayafi? Zan yi masa hijabi har ƙasa, wutsiya kawai zai fito. Macijin in mayar da shi tasbaha."

'Yata ta fashe da dariya har da riƙe ciki, yaran shago suka taya ta. Ni ma ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Daga nan ne faɗa ya koma hira, kuma hirar ce ta sa har yau ban iya ce wa kowa kada ya je shagon nan ba.

Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon hoto a firam, gilashin ya tsage, launin ya koɗe. Mace mai tulin gashi an raba shi a tsakiya, maciji ɗaya a wuyanta, ta ɗaga wani sama da hannu, can gefe ga wani ƙaramin mutum yana busa sarewa. Ya ce na ubangidansa ne, kuma duk wata Mami Wata da aka zana a ƙasar nan jikar wannan ce. Ya ce, "Duba da kyau, ina wutsiya?" Babu. Hoton ya yanke a ƙugunta. Ya ce wannan ba aljana ba ce, mai wasa da maciji ce a gidan wasan Turawa, a Jamus aka buga hotonta. 'Yata ta zaro waya, ita ba a faɗa mata magana ta haɗiye. Ta duba ta ce haka ne, a birnin Hambug aka fara buga shi wajen shekarun 1880, daga baya a shekarun 1950 wani kamfanin kalanda a Bombai ta Indiya ya sake buga shi da yawa, 'yan kasuwa suka shigo da shi har nan Kumasi. Mutanen bakin teku da ma suna da aljanun ruwansu tun kaka da kakanni, da suka ga hoton sai suka ce ga ta nan. Abin da ke ƙasan ƙugu kuwa, tun da ba a nuna ba, kowa ya cike da abin da ke ransa.

Na ce, "Wato hoton talla ne ya hana Mma barci jiya?"

Ya ce, "Hajiya, hoton ne na talla. Abin da ke cikin ruwa ni ban sani ba, ban shiga ba."

A nan ya faɗa mini masu sayen matan nan iri uku ne. Akwai masu ɗakin tsafi daga yankin Bolta, su ne ke so a yi ta da fari da ja, da madubi da kwalbar turare. Akwai fastoci, su kuma so suke a yi ta da jan ido da farata, ga fasto a tsaye yana korar ta, a kafa a ƙofar coci. Sai Turawa masu yawon buɗe ido, waɗanda ke naɗe ta su kai gida su rataya a falo. Mace ɗaya, farashi uku, kuma Bature ne ke biyan mafi tsada. Ni ce ta huɗu, wadda ba ta nema ba aka ba ta.

Bangon bayan nan ashe duk ba Mami Wata ba ne. Ya ce duk baƙon da ya zo da tasa, yakan roƙe shi hoto ya kwafa. Ga wata da takobi da garkuwa, ita ce tambarin birnin Warso na ƙasar Folan. Ga wata a zaune a kan dutse ta yi jugum, mutum-mutumin tagulla ne da ke bakin ruwa a Kofanhegan tun 1913, wanda 'yata ta ce sau biyu ɓata-gari na yanke masa kai, a 1964 da 1998. Ga ta Barazil, Yemanja, cikin shuɗiyar riga, wadda asalinta Yemoja ce ta Yarbawa da bayi suka tsallaka da ita, har yau kuma ranar 2 ga Fabrairu mutanen Salbado na zuba mata furanni da madubi da turare a teku. Ga wata mummuna ta Jafan, baki kamar na biri, an ce wadda ta ci namanta ta yi shekara 800 a duniya. Wannan a raina na ce da ana samunta a Yeji, garin masunta na bakin tabkin Bolta, da na huta da karfasa.

Wadda ta tsaya mini ita ce ta Girka. Sun ce 'yar'uwar sarki Iskandar ce ta koma 'yar ruwa, tana tare jiragen ruwa da tambaya ɗaya: "Sarki Iskandar yana raye?" In matuƙa suka ce yana raye yana mulki, sai ta kwantar da teku su wuce. In suka faɗi gaskiya cewa ya mutu, ta kifar da jirgin. Na tuna wata gwaggona da ɗanta ya bi hanyar Libiya, shekara 9 babu labari, duk wanda ya dawo daga tafiya sai ta tare shi da tambaya, kuma duk unguwa an san amsar da ake ba ta.

Na tambaye shi, duk mata ne, babu maza? Ya ce akwai, amma ba sa sayuwa. Ya nuna wani mai gemu da ƙaho na dodon-koɗi a bakinsa, na Girkawa, ƙura ta rufe shi a ƙasan tebur. Nan fa ni ma na ba su nawa, don ba su kaɗai suka iya labari ba. A cikin Dare Dubu da Ɗaya akwai Abdullahi masunci da ya jefa taru ya kamo Abdullahi na cikin ruwa, Musulmi ɗan'uwansa. Suka ƙulla abota, na tudu yana kawo 'ya'yan itace, na ruwa yana ba shi lu'ulu'u. Har ya shafa masa wani mai ya shiga da shi ƙarƙashin teku, inda mutanen can suka yi ta dariyar mutumin da ba shi da wutsiya. Abin da ya raba su shi ne mutuwa: na ruwa ya ji cewa mu a tudu kuka muke yi in an karɓi ran wani, su kuwa biki suke yi don amana ce ta koma wurin Mai ita. Ya ce to ba zai bar amanarsa a hannun irinmu ba. Babanmu ne ke ba mu shi muna yara, da hannu yana kwatanta wutsiyar. Masta ya ce bai taɓa ji ba, ya sa yaro ya rubuta. Ina tsoron ran da zan wuce in ga Abdullahi da rawani da wutsiya a ƙofar wani mai shayi.

Ni dai in aka ce 'yan ruwa, ba Girka nake tunawa ba, kakana nake tunawa, mahaifin Mma. Basarke ne daga Yawuri, ya biyo kifi ya zo Yeji bayan an gama madatsar Akosombo a 1965 tabkin Bolta ya cika. Shi bai san wata mai mataji ba. Ya san Sarkin Rafi na 'yan bori, ya san Harakoi Dikko da Zabarmawa ke cewa ita ke riƙe da kogin Kwara, ya kuma san ayu, don ya gan shi da idonsa. Yakan ce dabba ce ƙatuwa mai cin ciyawa, ba ta da faɗa, tana leƙo hanci ta shaƙi iska ta koma, nononta a hammata yake, tana shayar da ɗanta kamar mutum. Ya ce in ka gan ta da asuba cikin hazo, kai kaɗai a kwalekwale, ka kwana uku ba ka ga gida ba, babu rantsuwar da ba za ka yi ba cewa mace ce. Da na faɗi haka sai 'yata ta ce ai shi ma Kolombas a watan Janairun 1493, kusa da tsibirin da Haiti take a yau, ya rubuta cewa ya ga 'yan ruwa uku, amma ba su kai yadda ake zana su kyau ba, fuskarsu kamar ta maza. Masana sun ce ayu ya gani. Masta ya ce, "Ka ji ko? Laifin masu zane ne tun da can." Ayun yana nan a Bolta har yanzu, ya yi ƙaranci, doka ta hana kashe shi. Man ayun da masu magani ke tallar wa mata a ƙananan kwalabe kuwa, in duk na gaske ne, da tuni babu ayu ko ɗaya daga nan har Binuwai.

Sanin ayu bai hana kakana tsoron ruwa ba. Ba ya barin yaro ya je bakin tabki da tsakar rana ko da magariba, kuma wannan tsoron ne Mma ta gada. Ba mu kaɗai ba ne. Nan kusa da mu a tabkin Bosomtwe, masunta a kan gungumen katako suke hawa suna tuƙi da hannu, don tabkin mai tsarki ne a wurin Asantawa. A Zimbabuwe, a 2012, ministan ruwa da kansa ya faɗa wa 'yan majalisa cewa ma'aikata sun gudu daga aikin madatsar ruwa saboda 'yan ruwa. A shekarar ce kuma wata hukumar teku ta gwamnatin Amurka ta fito ta ce ba a taɓa samun shaidar akwai su ba. Da na ba Mma wannan labarin cewa ta yi, "Su Amurka sun tambayi Baba?"

Mu koma kan allo. Masta bai ba da haƙuri da baki ba, irin mutanen nan ne da kalmar ke yi musu nauyi. Amma ya ce zai gyara kyauta, in sayi fenti kawai, sidi 200. Na ce rubutun ma a gyara, na sa 'yata ta rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe. Wannan a kula da shi: yana jin Hausa kamar me, amma bai iya rubuta ta ba, da kunnen Turanci yake rubutu, ƙa da ɗa da ɓa kuwa bai san akwai su ba. Duk mai son rubutun Hausa a allonsa ya kai a rubuce, ya tsaya a kansa.

Wannan karon kwana 7 ya ce, kwana 8 ya kawo. Ya shafe matar daga cibiya zuwa sama, ya bar wutsiyar yadda take, ya ɗora mata gangar jiki da kan karfasa. Dutsen ya zama faranti. Inda macijin yake yanzu yankakkiyar albasa ce zobe-zobe. Masuncin gaske zai ce wutsiyar ta yi wa karfasa tsawo, kuma babu gasasshen kifin da ke fitowa daga wuta da ɓawo kore shar. Amma daga kan titi, cikin pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, ido ba ya wuce shi. Ciniki ya ƙaru, ba zan ɓoye ba, ko da yake ban san rabon allo da rabon gulma a ciki ba, don wasu sun zo ne su ga wurin da aka ce an kawo aljana, suka tafi da kifi a leda.

Fentin mai kyau ne. Damina guda ta wuce a kansa, ga hayaƙin gawayi kullum, bai ɓare ba bai koɗe ba, da tsumma da ruwan omo muke goge shi ranar Lahadi. Katakon ma bai kumbura ba, ya bi bayansa da fenti, abin da yawancinsu ba sa yi. A kuɗin da na biya, jimla sidi 2,000, ban yi asara ba.

Daga baya ƙaramin yaron shagon, mai gyangyaɗin nan, ya zo sayen kifi ya tsegunta mini cewa kafin Masta ya shafe matar sai da ya ɗauke ta a waya, ya sake zana ta a kan yadi, wani Bature ya saya ninki uku na kuɗina. Har da 'yar karfasata a gefe. Ko sisi ban gani ba.

Akwai abu ɗaya da Mma ba ta sani ba, kuma wanda ya karanta wannan ya faɗa mata, ni da shi ne. In ruwan sama ya jiƙa allon da daddare, ƙwan lantarkin rumfa ya haske shi ta gefe, akwai wani da'ira da ke tasowa a saman bayan karfasar, daidai inda madubin yake, kusa da shi kuma layuka ƙanana a jere kamar haƙoran mataji. Jikana ɗan shekara 5 ne ya fara gani. Na ba shi kan kifi na ce ya yi shiru.

Watan jiya na koma da ƙaramin aiki, allon farashi da za a rataya a ciki. Wannan karon da kaina na zana kifin a bayan kwali, da biro, mummuna amma kifi. Na sa ya maimaita abin da na ce a gaban 'yata da yaransa huɗu, na ce rabin kuɗi sai na zo na gani da idona kafin ya bar shago. Ya ce, "Hajiya, ba ka yarda da ni ba." Na ce ƙwarai. Ranar da na je karɓa, kifi ne, farashi daidai, rubutu daidai har da lanƙwasar ƙa. A ƙasan allon, can kusurwar dama, ya ƙara igiyar ruwa guda uku da ban ce a sa ba. Na sa tabarau na duƙa na bi su ɗaya bayan ɗaya, na ga babu mai leƙowa, sannan na tura masa cikon kuɗinsa.